Kafin Mai Gyara Ya Ce "Sai Fomatin": Yadda Za Ki Duba Kwamfutar Gida Da Kanki

 Wannan makon mu ɗan ajiye maganar zazzaɓi da allurar rigakafi, mu leƙa kusurwar falo inda aka lulluɓe kwamfutar tebur da tsohon zane.

Yawancin irin waɗannan kwamfutoci na gidajenmu na hannu ne. Wata maigida ya sayo don yara su saba da kibod, tunda tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Wata kuma ke kika saya don lissafin sana'a. Wasunsu ba Windows ke kansu ba, Ubuntu ce ko Linux Mint, musamman tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Kada baƙon suna ya tsorata ki. Ubuntu da Mint duk 'ya'yan gidan Linux ne, manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991, ya bar ta a buɗe kowa ya duba, ya gyara, ya raba kyauta. Wayar Android da kike karanta wannan rubutu da ita ma a kan Linux aka gina ta. Ashe kin daɗe da ita a hannu.

Inda matsalar take shi ne ranar da ta ƙi tashi. A ɗauko akwati a sa a Keke, daga Katabu a bi ta Rigachikun da Kawo har cikin gari. Mai gyara ya kunna, ya ga abin da bai saba da shi ba, sai ya ce, "Hajiya, sai fomatin." Fomatin kuwa shafe komai ne: hotunan suna, littafin bashin masu sayen kaya, da furojet ɗin da 'yarki ta kwashe wata huɗu tana bugawa.

A wurinmu ma'aikatan jinya, fomatin daidai yake da tiyata. Ana yin ta, amma ba a kai mai ciwon kai ɗakin tiyata kafin a tambaye shi ko ya ci abinci. Mafi yawan larurar kwamfutar gida ƙanana ne, kuma ke da kike wuni da ita a gida kin fi kowa sanin yadda abin ya fara.

Fara da tambaya, kamar a asibiti

Kafin ki taɓa komai, tara yaran ki tambaye su abu uku. Yaushe ta yi aiki lafiya na ƙarshe? Me ya faru tsakanin lokacin da yanzu: an ɗauke wuta tana kunne, an share ɗakin an matsar da tebur, ko wani ya saka sabon abu? Me ta rubuta a allo?

Ki yi tambayar da murmushi. Yaron da ya san zai sha bulala ba zai taɓa faɗin abin da ya danna ba, kuma amsarsa ita ce rabin maganin.

Sannan ki riƙe ƙa'ida biyu. Duk rubutun da ya fito a allo, ki ɗauki hotonsa da waya kafin ki kashe. Kuma magani ɗaya a lokaci ɗaya: ki gwada abu guda, ki ga sakamako, sannan ki koma na gaba. In kika canza abu biyar a tare, ko ta warke ba za ki san wanne ya yi aiki ba.

Ta ƙi kunnuwa, ko allo ya yi baƙi

Saurara tukuna. In babu ƙarar fanka, babu ko ɗigon fitila, matsalar wuta ce. Jona cajar waya a soket ɗin ki ga ko yana kawowa. Tura wayar wutan sosai a bayan akwatin. Wasu akwatunan suna da ƙaramin makunni a baya mai alamar 0 da 1, tsintsiya ko hannun yaro kan kashe shi.

A nan akwai gargaɗi. Wasu tsofaffin kwamfutoci suna da wani ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wutarmu ta Najeriya 230 ce. Aka tura shi zuwa 115 aka jona, nan take abin zai ƙone. Ki manne shi da salatif, ki gargaɗi yara.

In kuwa fanka na juyawa amma allo shiru, duba wayar da ta haɗa allon da akwatin, mai shuɗin kai ko ta HDMI. Cire ta ki mayar a duka ɓangarorin biyu. Wannan kaɗai ya warkar da kwamfutoci da ba su da iyaka.

Baƙin allo da farin rubutu bayan an ɗauke wuta

Wannan shi ya fi tayar wa mutane hankali, kuma a kansa aka fi yin fomatin ba gaira ba dalili. An ɗauke wuta tana tsakiyar aiki. Da aka kawo, maimakon hoton da kika saba gani, sai baƙin allo da rubutun Turanci, a ƙasa an rubuta initramfs, wani ɗan layi yana ƙiftawa.

Kayanki suna nan. Abin da ya faru shi ne, wutar ta yanke tana cikin rubutu a faifan ajiyarta, lissafin bai daidaita ba, sai ta tsaya tana jiran izinin gyarawa. Ga yadda ake yi:

Rubuta exit ki danna Enter. Za ta nuna saƙon da ke cewa a yi fsck, tare da sunan ɓangaren da ya samu matsala, misali /dev/sda2.

Sai ki rubuta fsck -y /dev/sda2 ki danna Enter. Ki kula: sunan da ta nuna miki za ki saka, ba lallai irin nawa ba. Ki lura da inda aka bar fili tsakanin kalmomi.

Rubutu zai yi ta gudu. Bar ta ta gama, sannan ki sake rubuta exit. Galibi sai ki ga ta tashi garau.

Amma in abin ya riƙa maimaituwa ba tare da an ɗauke wuta ba, ko kika ji akwatin yana ƙas-ƙas daga ciki, faifan ne ke neman mutuwa. Buɗe manhajar da ake kira Disks, tana nuna lafiyar faifan. Ranar nan ki kwashe kayanki zuwa filash, kada ki kwana.

Rigakafin wannan ciwo shi ne UPS, ɗan akwatin batirin da ke riƙe wuta na 'yan mintoci har ki adana aiki ki kashe. Stabilaiza ba ta yin wannan aikin, daidaita ƙarfin wuta kawai take yi. Kuma ki koya wa yara: ba a kashe kwamfuta daga bango, kuma a kashe ta kafin a sauya daga janareta zuwa wutar gari. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a zare ta gaba ɗaya.

Ta ƙi karɓar kalmar sirri

Kafin ki zargi yara da canzawa, duba fitilar Caps Lock da ta Num Lock. Sannan ga wani abu da ba kowa ya sani ba: kibod ɗin da aka yi don Ingila da wanda aka yi don Amurka ba su jera alamomi iri ɗaya ba. A na Amurka alamar @ tana kan lamba 2, a na Ingila kuwa tana can gefen dama kusa da Enter. In aka canza kibod, ko aka sauya tsarin a Settings, sai ki danna @ wata alama daban ta fito. Danna ɗan hoton idon da ke gefen gurbin, in akwai, ki ga abin da kike rubutawa.

A wurin nan na Keyboard cikin Settings za ki iya ƙara Hausa ta Najeriya, don yara su riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata. Akwai inda ake nuna hoton kibod ɗin ki ga inda kowane harafi yake.

Agogo ya rikice, shafuka sun ƙi buɗewa

Wata maƙwabciyata ta taɓa kirana hankali a tashe. Ɗanta zai duba sakamako, kowane shafi suka buɗe sai gargaɗin tsaro, har an ce musu kutse aka yi. Da na kalli saman allon, kwanan watan ya koma shekaru baya. Shafukan intanet suna da takardar shaida mai wa'adi, kuma da agogon kwamfutarki ake auna wa'adin. In agogon ya yi ƙarya, sai ta ɗauka takardar ce ta bogi.

Shiga Settings, nemi Date & Time, kunna saitin da ke daidaita lokaci da kansa, ki tabbatar an zaɓi Lagos. In kullum da safe agogon sai ya sake rikicewa, ko kafin ta tashi sai ta ce a danna F1, to ɗan batirin cikinta ne ya mutu. Sunansa CR2032, faffaɗa ne kamar kwabo, ana samunsa wajen masu gyaran agogo.

A nan dole in sa farar rigata. Wannan batiri yana ƙyalli, ƙananan yara suna ɗauka alewa ce. In ya maƙale a maƙoshin yaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu, ko da tsoho ne wanda ya daina aiki a kwamfuta. Kada ki ajiye sabo ko tsoho inda hannun yaro zai kai. In kina zargin ya haɗiye, kada ki sa shi amai, kada ki jira alama. Asibiti nan take.

Babu intanet

Kwamfutocin tebur da yawa ba su zuwa da Wi-Fi, don haka ba lalacewa ta yi ba. Hanya mafi sauƙi tana hannunki: jona wayarki ta Android da wayar caji a jikin kwamfutar, shiga saitin wayar wajen Hotspot, kunna USB tethering. Ubuntu da Mint suna gane shi ba tare da an saka komai ba. In wurin ya ƙi dannuwa, canza wayar cajin, domin wasu masu arha caji kawai suke yi, ba su ɗaukar bayani.

Sai dai kwamfuta ta fi waya shan data, musamman wajen sabunta manhajoji. Ki tara sabuntawar zuwa lokacin da kika sayi datar dare kuma wuta ta zauna. Kada dai ki bari gaba ɗaya, don ta nan ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi.

In wuta ta yanke ana cikin sabuntawa, daga baya ta riƙa ƙorafi, danna Ctrl da Alt da T tare. Wani baƙin akwati mai suna Terminal zai buɗe. Rubuta sudo dpkg --configure -a ki danna Enter. Za ta nemi kalmar sirri. Kina bugawa wataƙila ba za ki ga komai ba, ko ɗigo. Haka tsarin yake, ki buga ki danna Enter.

Ta daskare, ko tana tafiyar hawainiya

Ba ta minti biyu tukuna. In maus yana motsi, buɗe System Monitor, za ki ga manhajar da ta cinye ƙarfin, ki rufe ta. Sau da yawa shafuka ashirin ne yara suka buɗe a Firefox. Danne makunni har ta mutu shi ne mataki na ƙarshe, domin shi ma yana iya jawo baƙin allon nan da muka yi magana.

In tana mutuwa da kanta bayan ta ɗan yi aiki, fanka na kuka kamar injin markaɗe, zafi ne. Ƙurar hunturu takan toshe ƙofofin iska, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a toshe. Zare wuta, buɗe murfin gefe, ki kaɗe ƙurar da busasshen buroshi mai laushi. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙaramin akwatin ƙarfen da wayar wuta ke shiga kuwa, kada a kwance shi ko kaɗan, yana riƙe wuta ko bayan an zare. Kuma zanen nan na rufa, a cire shi gaba ɗaya duk lokacin da take kunne.

In duk da haka nauyin bai tafi ba, wataƙila manhajar ce ta fi ƙarfinta. Ubuntu 24.04 tana son RAM aƙalla 4GB. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai Lubuntu da Xubuntu da Mint Xfce, duk kyauta, kuma sun fi sauƙi.

Firinta, sauti da takardun makaranta

In firinta ta yi shiru, kashe ta ki kunna, sannan ki shiga Printers ki goge tsofaffin ayyukan da suka yi layi, don ɗaya in ya maƙale yakan tare na baya. In rubutu yana yankewa a ƙasa, an zaɓi girman takarda Letter ne na Amurka. Mayar da shi A4.

In babu sauti, duba ko an jona sifika a koren rami, sannan ki duba Sound ko an tura sautin zuwa allo maimakon sifika.

Ga 'yan KASU da Kadpoly da ABU masu furojet: LibreOffice Writer tana buɗe takardun Word, amma in an bar ta yadda ta zo da nata tsarin take adanawa, mai ƙarewa da odt. In malami ya ce Word yake so, a danna Save As a zaɓi docx. In kuwa bugawa za a kai shago, a mayar da shi PDF, shi ne ba ya hargitsewa a kwamfutar wani.

Fayil mai ƙarewa da exe na Windows ne, ba ya buɗewa a nan, kuma wannan ba ciwo ba ne. Manhajojin gwajin JAMB da yawa irinsa ne, sai a nemi na waya ko wanda ake yi a shafin intanet. Amma abin yana da daɗinsa: ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli a filash bayan an dawo daga shagon bugu ba ta aiki a Linux. Sau da yawa in kika jona filash ɗin za ki ga kayanki suna nan, sai ki kwashe.

Abin da ba za ki yarda da shi ba

Kada ki bar yaro ya kwafo umarni daga intanet ya zuba a Terminal bai san aikinsa ba, musamman wanda ya fara da sudo. Wannan kalma tana ba umarni ikon taɓa komai. Mai ɗauke da rm kuwa gogewa yake yi, kuma abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara balle a dawo da shi. Shan maganin da aka rubuta wa wani ke nan.

Ki buɗe wa yara nasu asusun daban a Users, marar ikon shugaba. Kalmar sirrin babban asusun ta zauna a wurinki.

Lokacin da za a kai ta wajen masu gyara

Akwai abin da ba na gida ba ne: ƙaurin ƙuna, hayaƙi, ruwa ya zuba ciki, jikin akwatin yana jan mutum, ko ƙara ɗii-ɗii da ta ƙi tsayawa tun daga kunnawa. Zare wuta ki kai ta.

In kin je, ki nuna hoton da kika ɗauka, ki faɗi abin da kika riga kika gwada. Sannan ki yi tambaya ɗaya: "Malam, ka san Linux?" Wanda bai sani ba ba laifi ya yi ba, ki nemi wani. In kuma ta tabbata sai fomatin, ki ce a fara kwashe kayanki a gabanki. Ana iya tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Ubuntu, a zaɓi Try Ubuntu, a buɗe faifan a kwafe komai ba tare da an goge ko harafi ɗaya ba, muddin faifan kansa bai mutu ba. Saboda haka ki je da filash ɗinki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan, tun tana lafiya, ki kwafe hotuna da lissafi da aikin makaranta zuwa filash, ki ajiye shi inda kike ajiye katin rigakafin yara. Ki maimaita duk ƙarshen mako. Ki kuma sa ƙaramin littafi kusa da ita, duk abin da ya faru da yadda aka magance a rubuta da kwanan wata.

In taku ta nuna wani abin da ban ambata ba, ki rubuto a ƙasa daidai yadda yake a allo, ki faɗi ko Ubuntu ce ko Mint, da abin da ya faru kafin nan. Ban da kalmar sirri, ban da lambar waya. Mako mai zuwa za mu duba yadda ake ƙayyade wa yara lokacin zama gaban allo, da yadda za a kare musu ido da baya. A gaida yara.